Takalman Baba a Bakin Ƙofa

Lahadin da ta wuce, a cocinmu na Edmonton, wani mai tsaron ƙofa cikin kwat ya tare wata tsohuwa da hannu, wai kujerun gaba na manyan baƙi ne. Ta juya da sandarta ta koma baya. Sai na tuna marigayi Baba, dattijon da ya fara tara mu addu'a a ɗan gidansa na London.

Shi komai sanyin London sai ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa kafin sujada. Falon nan ƙamshin shayin citta da man zafi, kowa a ƙasa, likita kusa da mai shara. Wata rana na ce, "Baba, masu bi na farko sun san bangaskiyar nan za ta cika duniya, har sarakuna su shiga?"

Ya shafa safarsa mai huji ya ce, "'Yata, an ce su kai bishara ko'ina, sun kuma kai. Amma a ɗakunan mutane suke taruwa, suna jiran dawowar Ubangiji yau ko gobe. Ko a mafarki ba na jin sun ga kansu da mulki."

To, ga shi mun yi yawa, har da masu tare tsofaffi. Ranar nan ko waƙa na kasa yi.

Allah ya ba ka hutawa, Baba, a inda babu kujerar gaba.