Baƙi Ya Yi Baƙi, Fari Ya Yi Fari

Ku da kuka yi zamani da Malam Sale Mai Hoto a Ƙanƙara kun san ba a tsayawa gaban kyamararsa hannu rabbana. Sai ya danƙa maka gawayi a hagu, ƙwan agwagwa a dama. Da su yake awo idan ya shiga wankin hoto: gawayin ya fito baƙi ƙirin, ƙwan fari fat, sannan ya yarda fuskarka ta zauna daidai. Sai ya datse hannuwan daga hoton da almakashi, ya buga hatimin sunansa a baya. Jikata ta nuna mini yanzu a kwamfuta ake yi, a taɓa wuri mafi baƙi, a taɓa mafi fari, shi ke nan. Malam Sale wuni yake a kai, don a wurinsa wannan suna na baya ya fi kyamarar daraja. Ni tela ne, shagona na jikin nasa, duk rigimarsa a kunnena take ƙarewa.

Lokacin kuɗin man fetur sun shigo, kowa na son hoto da sabon babur. Wani dillalin shanu daga Sheme, Alhaji Mamman, baƙi ne kamar gindin tukunya, ya rage murya ya ce, “Malam Sale, ka ɗan haska ni.”

“Alhaji, wanda ya yi ka bai haska ka ba, sai ni? Riƙe gawayi, in ban da shi mi zai nuna kana da haske?”

Ga maƙo! Ƙwai ɗaya tun damina har bazara. Ranar nan wani ango daga 'Yargoje, ya sha babbar rigar da ni na ɗinka, ya matse ƙwan don tsoron kyamara. Fus! Har kaji sai da suka bar layin. Malam Sale ko rigar bai kalla ba.

“Ƙwan da ya yi ma rabin garin nan aiki lafiya lau, sai a hannunka!”

Ni ma ban tsira ba. Hoton aurena sai ranar sunan ɗana na fari ya kawo. Na ce, “Haba Malam, ai har amarya ta tsufa.”

“Baƙin hularka ne ya ƙi zama. Sunana ke baya hwa, ba naka ba.”

Daga baya yanar ido ta fara rufe masa gani. Hotuna suka riƙa fitowa toka-toka, mutane na karɓa suna godiya, ba mai iya faɗa masa. Wata safiya ya leƙo shagona da hoto a hannu, ya ce, “Ɗantela, don Allah baƙin nan ya yi baƙi?”

Na yi ta neman allurar da ke hannuna.

“To,” in ji shi. “Tun yaushe?”

“An ɗan jima, Malam.”

Ya koma shagonsa. Ya sallami mutanen da ke jira a benci, ya lulluɓe kyamara. Sai da ya shafe sati yana bi gida-gida da sanda, yana roƙon a ba shi hotunan nan ya goge sunansa. Ko mutum ɗaya bai ba shi ba. Ya dawo yana faɗa wai mutanen Ƙanƙara ba su san hoto ba, kuma a ranar na fara ganin hawayensa.

Allah Ya ji ƙan Malam Sale, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa. Amin.