Littafin Ƙiyasin da Na Je Nema a Makka

Abu uku na fita da su a raina: Umara, kayan shago kilo arba'in da shida da jirgi ya yarje mini, da littattafai uku na 'yata Hadiza. Tana digiri na biyu a lissafi, burinta binciken yadda na'ura za ta yi tunani irin na mutum a kowane fanni. Malaminta ya ce sai ta ci jarrabawar lissafin yiwuwar aukuwar abu nan da wata huɗu, in ba haka ba gurbinta ya tafi. Littattafan kuwa babu su a Zariya.

Litinin

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka bar Zariya, bakwai saura muna Kano. Jirgi ya tashi sha ɗaya, muka sauka Jidda bayan la'asar. Direban tasi ɗan Maraɗi ne. A shingen Shumaisi, kafin shiga Makka, ya ce in fito da fasfo, ɗan sanda ya leƙo ya ɗaga mana hannu. Na sauka a unguwar Zahir, gidan Malam Haruna tela, abokina tun muna tallar yadi. Ya tare ni da shinkafa bukhari, yana mini tsiyar na yi tumbi.

Laraba

Na gama Umara jiya, sai littafi. Hadiza ta ba ni sunayen a takarda da Turanci, ta ce babban cikinsu da Larabci ana kiran fanninsa ƙiyas. Na ga Turanci ba zai yi mini aiki a Makka ba, na bar takardar a jaka, na riƙe kalmar. Mai kantin littattafai yana jin ƙiyas ya sauko mini da mujalladi uku masu ruwan zinare. Na taya, ya rage, na fito ina jin na yi ciniki.

Na ɗauki hotonsu na tura mata. Ta kira tana dariya har da tari.

"Baba, wannan ƙiyasin malaman fiƙihu ne. Nawa na awo ne, da lambobi."

"To ba duk auna abu da abu ba ne?"

"Haka ne, Baba. Amma da wannan faɗuwa zan yi."

Dariyar ta tsaya a nan, ni ma tawa ta tsaya.

Alhamis

Haruna ya ce akwai wani Dakta Basudane mai koyar da lissafi, shekara tara yana masa ɗinki. Bayan azahar muka hau bas zuwa wurinsa a unguwar Aziziya, tafiyar minti ashirin da biyar. Wannan karon na tafi da takardar. Dakta ya karanta, ya tambayi abin da yarinyar ke son yi, na faɗa masa iya fahimtata. Ya ce duk mai son na'ura ta yi hukunci a kan abin da ba ta da tabbas, daga nan zai fara. Ya ciro biyu cikin littattafan daga kantarsa, gefen shafukan duk rubutun fensirinsa. Na ukun ya ce ba ta bukatarsa bana. Ya rubuta mata babin da za ta fara da shi, ya ce kada ta wuce shafi sai ta yi atisayen da hannunta. Na sa hannu aljihu, ya riƙe mini hannu.

"Ya hajji, ba na sayarwa ba ne. Ta ci, ta ba wani."

Lahadi

A ma'aunin Haruna kaya suka haura da kilo shida. Mujalladan fiƙihu na bar masa. Da sauran nauyi, sai na cire jallabiya huɗu da kwalin dabino. Littattafan Dakta ban yarda na sa su a kaya ba, a cinyata suka zo Kano. Na shiga gida ƙarfe biyar na yammar Litinin. Hadiza ta karɓe su tun kafin ta ce sannu da hanya, sai da uwarta ta harare ta.

Na gode wa Allah, na gode wa Haruna da Dakta. Shago ya yi asarar jallabiya huɗu da dabinon da aka yi ta tambaya. Hadiza ta ci jarrabawarta, littattafan yanzu suna hannun mutum na uku.