Ranar da Kawu Sabo ya wanke mini lalle

Duk wanda ya taɓa cin abinci da Kawu Sabo ya san ba ya kai hanci bakin kwano. Sai ya riƙe shi nesa, ya riƙa fifito tururin da tafin hannu zuwa hancinsa, yadda yake koya mana shinshinar kwalaben ɗakin gwaji. Ko kunun Inna bai tsira ba. Ta yi mita har ta gaji, ya ce mata shi abin da bai ga an rubuta sunansa a jiki ba, bai yarda da shi ba.

Yayan Inna mahaifiyata ne, kuma shi ke ɗaukar 'yan shekarar farko darasin gwajin kemistri a kwalejinmu. Wallahi tsoronsa nake ji fiye da asid. Dokarsa ɗaya ce: ka karya ƙa'ida, ka bar masa ɗaki, ka maimaita shekara. Ni kuwa da ƙyar Baba ya bar ni na shiga, da sharaɗin in na maimaita in tattara in koma garinmu Lausu.

Shekarar da aka fara shari'a hijabanmu suka ƙara tsawo. Kawu ya tsaya a ƙofa da gwangwanin fil, sai kowacce ta cusa nata cikin farar riga ta maƙale kafin ta kusanci murhun gas. Wani uba ya taso tun daga Fammar ya tambaye shi ko ba ya tsoron wuta.

"Alhaji, guda biyu ma nake tsoro. Ta nan ɗin ce dai ba ta jiran hisabi."

Akwai wani sinadari da ke cin fata ya bar baƙin tabo, kuma duk wanda aka ga tabon a hannunsa ya taɓa kwalbar babu safar hannu ke nan. Rannan na dawo daga biki a Nariya da baƙin lalle a yatsu, na manta shaf. Ina cire safa sai inuwarsa ta rufe ni. Na ce a raina shi ke nan, Lausu ta kira ni.

Ya fizgi hannuna zuwa famfo, ya sakar masa ruwa, yana ta tambaya ko da zafi, ko na taɓa ido. Bai ko tsaya jin amsa ba. Na katse shi.

"Kawu, lalle ne."

Ya ƙura wa yatsun ido, bai sake su ba.

"To bar shi a ruwan tukuna. Me zan ce wa uwarki?"

Bai kore ni ba, amma ya rage mini maki, wai na firgita malami a bakin aiki.

Ashe duk tsawon shekarar nan ya fi mu jin tsoro, mu yake ji wa. Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya makwancinsa, ya sa ya tashi a cikin waɗanda babu tsoro a kansu.