Duron Ruwan Injin Kawu

Shekarar da anka ba mu jiha, na zo hutu Jega daga makaranta ina ji da kaina, wando sabo, baki ba birki. Na tarar da kawuna ya sayo tsohon inji daga Ikko ya ɗora wa jirginsa na fito. Gishirin teku ya riga ya ci cikin injin, ga shi ruwan gulbinmu duk yashi ne, yana toshe hanyar da ruwa ke bi ya sanyaya shi. Sai kawu ya yi dabara. Ya ɗaure duro a bayan jirgi, ya haɗa tiyo da lagireton wata matacciyar mota, ruwan rijiya zalla ke zagayawa. Na ce kai, kawu ƙarshe ne! Duk wanda ya shigo sai na yi masa lacca.

Ranar kasuwa gulbi ya kawo, jajawur, yana tafe da itatuwa. Munka ɗauko manoman Sabiyal da buhunan albasarsu. Muna lodi anka kira la'asar, kowa ya ɗauki buta. Ni ina can gaba ina zuba surutu.

Tsakiyar gulbi na ji ƙauri. Ƙarar injin ta sake, kamar mai tari. Sai ya mutu. Ruwa ya juya mu yana jan mu wajen ƙafafun wata gada da ke can ƙasa.

Kawu ya leƙa duro ya ga wayam, ya ɗago a hankali.

"Wa yat taɓa ruwan ga?"

Wani dattijo ya ce, "Alwala munka yi, Malam. Mun ga tsabtatacce na, na gulbi duk laka."

"Dukanku?"

"To wa za ya bar mai kyau?"

Kawu ya san ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi tsaga shi yake yi. Ya dubi gada, ya dubi injin, ya fizgi bokiti ya ɗebo na gulbi ya antaya wa injin. Tururi ya rufe mu. Ya ja igiya, ya sake ja, injin ya tashi da kyar. Munka wuce ƙafar gada, har ina ganin gansakukar jikinta.

Muna taɓa gaɓa munka ji ƙas. Baƙin mai ya biyo ruwa.

Har na koma makaranta, da sandar gora kawu yake tura jirgin fito.