Wata Shida da Suka Rage Mata

Ni na yi kuskuren, ba kowa ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

A Riyad aka haifi 'yata ta fari, a gidan haya bayan kasuwar Utaiƙa, inda nake tuƙa motar kayan lambu. Larabcinta ya fi Hausarta nesa ba kusa ba, amma a makaranta 'yar waje ce. A iƙama, wato takardar izinin zama, tana ƙarƙashina, ni kuma ina ƙarƙashin kafili, ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar. Na daɗe ina jin tsoron in mutu in bar yarinyar nan ba ta da inda za ta nuna ta ce ƙasarta ce.

Da aka buɗe rajistar zaɓe a gida sai na ƙudura zan kai ta a sa sunanta a mazaɓarmu. Na ƙirga shekarunta, za ta cika sha takwas cif a watan Rajab. Kafili ya ja mini rai wata biyu, har Rajab ɗin ya kama, kafin ya ba ni bizar fita da dawowa, har da gorin cewa tumatir ba ya jiran siyasa.

Abin mamaki, yarinyar ta ɗauki abin da zafi. Ta riƙa tare ni a bakin ƙofa da tambaya, tana kirana Yuba, wato Baba da Larabcin can. "Yuba, yaani da wane yatsa ake dangwalawa?" Ta haddace sunan ƙaramar hukumarmu, tana faɗa uwarta na gyara mata.

Mun isa gida, muka bi layi tun safe har bayan azahar. Malamin rajista ya buɗe fasfonta, ya yi lissafi da yatsu, ya ce, "Alhaji, saura mata wata shida."

Sai a lokacin na gane. Shekara ashirin ina karɓar albashi, ina sabunta iƙama da kalandar Hijira, har na manta tana gudu ta bar ta Miladiyya a baya. Ban taɓa buɗe fasfon nan na duba ba, ni mai ganin kaina wayayye.

Na ce masa ai kafin ranar zaɓe ta cika ta kowane lissafi. Na roƙe shi ya rubuta sunanta yanzu, katin ya jira ta. Ya ce doka ba ta ba shi wannan ba, sai wanda ya riga ya cika. Bai yi mini rashin kunya ba, kuma da ya yi da na samu wanda zan sauke wa haushi.

Wani a bayanmu ya raɗa mini cewa in ɓoye fasfon, in je wata rumfar in ƙara mata shekara, kowa ma haka yake yi. Na ƙi. Ita kuwa ta buɗe baki za ta roƙi malamin, Hausar ta sarƙe mata, matan layi suka kwashe da dariya. Ɗaya ta ce, "Balarabiya, koma ki dawo baɗi."

Hutuna kwana talatin ne. Muka dawo Riyad, aka rufe rajista muna nan. Ranar zaɓe ina sauke buhunan albasa a Utaiƙa, 'yan uwana direbobi na bin sakamako a waya. Ta cika sha takwas ɗin da mako uku.

Bayan shekaru aka sake buɗe rajistar. Na same ta a kicin tana yanka salak, na ce wannan karon na duba fasfo da kyau, ta shirya. Ba ta ɗago ba. Da Larabci ta amsa, a hankali.

"Yuba, a nan kullum ana ce mini in koma. Kada ka sake kai ni inda za a faɗa mini haka da Hausa."