Ɗan waken jan wake

Aikina a birnin Lyon binciken wake ne. Shekaru na yi a labo, ɗakin gwaje-gwaje, ina jiƙa shi, ina tsirar da shi, ina dafawa, ina auna abin da ya rage na amfani. Har wani ƙaramin wake na ƙasar Indiya da ake bai wa dawaki na san halinsa: a jiƙa shi ya kwana, ɗacinsa ya fita, jiki ya fi samun ƙarfen da ke cikinsa. Ina koya wa ɗalibai wannan da muryar wadda ta san duniya.

Wata Asabar gwaggona, ƙanwar babana, ta zo daga garin La Courneuve ganin ɗiyata mai shekara huɗu. Na fita da safe, na bar su a gidanmu na Vénissieux, a gefen Lyon. Da na dawo da azahar na tarar sun ci ɗan wake, an rufe mini nawa a kwano.

Ban kai ga ci ba yarinyar ta fara amai. Sau ɗaya, sau biyu, sannan na daina ƙirga. Ta riƙe ciki, leɓɓanta suka bushe, ta daina kuka ma. Rashin kukan ne ya fi ba ni tsoro.

Na buɗe kwanon. Ɗan waken ya yi wani ja-ja.

"Gwaggo, da wane wake kika yi?"

"Da wake mana. Ban samu farin namu ba a shagon Balaraben ƙasan gida, na ɗauko jan. Na niƙa shi a injinki na niƙa kafe. Yau kuma ke za ki koya mini ɗan wake, madam likitar wake?"

Na zauna a bakin gado. Wakenmu na gida mai haƙuri ne: a niƙa shi ɗanye, a kwaɓa da kuka da kanwa, a jefa a ruwa, da ya taso a kwashe. Jan waken nan kuwa akwai guba a jikinsa, ba ta mutuwa sai an jiƙa shi an kuma bar shi ya tafasa sosai. Ɗan ɗumin da ya sha a tukunyar gwaggo bai yi mata komai ba. Na san wannan, na sha rubuta shi a allo. Ban taɓa faɗar sa a madafina ba.

Na san kuma galibi abin yana wucewa cikin 'yan sa'o'i. Amma littafi na maganar manya, ni kuwa yarinya ce a hannuna, ba ta fi tulun ruwa nauyi ba, kuma ruwan yana ta fita.

A taksi gwaggo ta fara nata aman cikin leda, tana ba direba haƙuri da faransancinta na kasuwa. Tsakanin amai da amai ta ce mini, "In wani abu ya samu ɗiyar nan, da wane ido zan dubi ubanta?" Yatsana na kan wuyan yarinyar, ina jin bugun jininta.

A asibiti wata likita ta tambayi me yarinyar ta ci. Na yi mata bayani tiryan-tiryan, har da sunan gubar, kamar ɗaliba a gaban malamai. Ta dube ni.

"Ke ma'aikaciyar lafiya ce?"

"A'a. Uwarta ce."

Aka sa wa yarinyar ƙarin ruwa. Na zauna ina kallon ɗigon yana sauka, kowane ɗaya ina raka shi da addu'a. Wajen la'asar sakaliya ta buɗe ido, ta dube ni, ta dubi gwaggo da ke kwance a gadon gefe da nata ruwan a hannu.

"Mama, ina jin ƙishi."

Likitar ta ce a ba ta kaɗan-kaɗan, da cokali. Wata ma'aikaciyar jinya ta karɓi cokalin daga hannuna, ta fara ba ta.