Ranar Da Jirgi Ya Biyo Ta Tsohuwar Tasharmu

Ko me zan manta a rayuwata, ban da wannan rana. Lokacin kaka ne, shekarar da shinkafa ta yi albarka har muka rasa wurin shanya. Duk gidan da ka leƙa, tukunya na kan wuta ana turara.

A bayan ƙauyenmu, ta wajen Madobi, akwai wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Surukata, wadda muke kira Inna, takan ce tun zamanin Turawa aka gina ta, a nan ake lodin gyaɗa da auduga, ita ma da ƙuruciyarta ta sha miƙa wa fasinjoji dafaffen rogo ta taga. Daga baya jirgi ya daina tsayawa, sannan ya daina wucewa ma. Ni tunda aka kawo ni garin ban taɓa ganinsa ba. An kwashe kwanon rufin, ciyawa ta cinye ofishin, sai daɓen siminti ya rage, shi muka mayar wurin shanya.

Muna da wata ɗabi'a da in na tuna yanzu sai jikina ya yi sanyi. Mai goyo takan shimfiɗa zane tsakanin ƙarafunan titin guda biyu, inda inuwar darbejiya take, ta kwantar da jariri, saboda ƙarfen yana tare shi, ba ya mirginawa. Ran nan ma haka na yi wa 'yata, tana wata biyar, na tafi can ƙarshen daɓe ina baza shinkafa.

Inna na zaune a kan ƙarfen, ɗan nesa da yarinyar, tana tsintar tsakuwa a faifai. Sai na ji ta ce, "Ke 'yar nan, ƙarfen nan motsi yake."

Maƙwabciyarmu ta yi dariya ta ce, "Kai Inna! Ko dai ba ki karya ba ne, jiri ke ɗibar ki?"

Inna ba ta kula ta ba. Ta dafa ƙarfen da tafin hannu, sai ta yi jifa da faifan ta kurma ihu, "Jirgi! Ku ɗauke yarinyar nan!"

A lokacin na ji kukansa daga bayan gonakin dawa. Gaskiya zan faɗa, ban gudu ba. Ina tsaye ina kallon baƙin kansa yana tahowa, bakina ban da salati ba abin da yake yi. Inna ce, wadda ba ta tashi sai da sanda, ta rarrafa a kan tsakuwa, ta kama bakin zanen ta fizgo shi da yarinyar a ciki, suka gangara cikin ciyawa tare.

Jirgin kaya ne. Ya wuce bai ko sassauta ba, iskarsa ta watsa mana shinkafa. Da na isa, gwiwoyin Inna duk jini, yarinyar na tsala kuka, ko ƙwarzane babu a jikinta. Na karɓe ta na rungume. Inna ta dube ni ta ce, "Ba ta nono mana, kin tsaya kallona."

Tun daga ranar na gane cewa don abu ya daɗe shiru, ba shi ne ya mutu ba. Mu ne muka saba da shirun har muka saki jiki. Washegari da safe na gasa wa Inna gwiwoyinta, na goya 'yata tam, na bi gidajen masu jego ɗaya bayan ɗaya, ina roƙon kowace ta yi mini alkawarin ba za ta sake kwantar da ɗa a titin nan ba.